Koyar da Kwamfuta a Azuzuwa Daban-daban: Amsoshi ga Masu Koyon Aikin Malanta

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu koyon aikin malanta suke yawan yi mini idan an tura su gwajin koyarwa aka damƙa musu darasin kwamfuta. A makarantu da yawa malamin kwamfuta ɗaya ne tak, don haka wanda ya zo koyo a hannunsa yakan tsinci kansa da safe gaban 'yan shekara 6, kafin a tashi kuma gaban 'yan shekara 16. Ni ma ta nan na bi kafin in fara duba masu bin hanyar. Na bar tambayoyin kusan yadda aka yi mini su, maza da mata, na kuma amsa wa kowa yadda zan amsa masa idan muna zaune.

An ba ni azuzuwa biyar, daga aji ɗaya na firamare har babbar sakandare. Zan iya rubuta darasi ɗaya in riƙa sauƙaƙa shi ga ƙanana?

A'a, Malam, kuma a nan kusan kowa yake fara tuntuɓe. Darasin ƙanana ba darasin manya ba ne da aka surka da ruwa. Hanyar da ɗan shekara 6 yake bi ya gane abu dabam take da ta ɗan shekara 16.

Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya kasa girman tunanin yaro mataki-mataki. Daga wajen shekara 2 zuwa 7 yaro yana tunani ne da abin da yake gani, yake taɓawa, yake kwaikwayo. Daga 7 zuwa 11 yana iya bin dalili muddin abin yana gabansa. Sai wajen 11 ko 12 yake fara iya juya abin da babu shi a fili, kamar harafin da ke tsaye a madadin lamba a lissafi. Masana da suka zo bayansa sun nuna cewa iyakokin ba su da tsauri haka, wani yaro yakan riga, wani ya makara. Amma jigon maganar, duk wanda ya tsaya gaban aji ya gan shi da idonsa.

Ɗauki batun maimaitawa, wanda ginshiƙi ne a rubuta manhaja. A aji ɗaya, sai ku tashi tsaye: tafi uku, tsalle ɗaya, a sake, har sau huɗu. Ka tambaye su, "Me muke maimaitawa? Sau nawa?" Darasi ya cika. A aji biyar, su buɗe Scratch, manhajar yara da ake jona tubalan umarni a cikinta, su sa hoto ya zana murabba'i: taku 100, juyi digiri 90, a maimaita sau 4. A babbar sakandare, su rubuta layuka a Python, harshen rubuta manhaja da haruffa, da za su bi jerin makin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su fitar da matsakaici. Batun bai canza ba, amma darussa uku ka rubuta, kowanne da kayansa da kalmominsa da tsawon bayaninsa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Abin da zai rage maka wahala shi ne ka jera azuzuwan duka kan batu ɗaya a mako guda. Kanka zai zauna wuri ɗaya, kuma za ka ga da idonka yadda fahimta take hawa daga aji zuwa aji. Malaman wasu darussa ba sa samun wannan damar.

'Yan aji ɗaya ba su iya karatu sosai ba. Me zan koya musu a ɗakin kwamfuta?

Hannu za ki fara koya wa, Malama. Ƙananan yaran da suka taɓa riƙe na'ura, yawanci waya suka riƙe, shi ya sa da sun zauna za ki ga sun kai yatsa kan gilashin kwamfuta suna shafawa. Linzamin kwamfuta baƙo ne a wurinsu: hannu yana motsi a kan tebur, kibiya tana motsi a wani wuri dabam, ido kuma dole ya bi kibiyar ya bar hannun. Danna sau biyu a jere ba tare da linzamin ya goce ba, ko jan abu a kai shi wani wuri a saki, aikin makonni ne. Manhajar zane irin Paint ko Tux Paint ta ishe ki wannan.

Madannai ma suna da tarkonsu. Manyan haruffa ne a rubuce a kansu, yaran kuwa sun fi saba ganin ƙanana a littafi, sai yaro ya yi ta neman "a" alhali "A" na kallonsa. Jerin haruffan kuma ba na abacada ba ne, gado ne daga tafiretar shekarun 1870. Ki bar su su yi farautar haruffan sunansu kawai, ya isa.

A makarantar da na yi nawa gwajin, na shirya wa 'yan aji ɗaya darasin zane mai kyau. Sai dai tsarin wurin shi ne kowane yaro ya shigar da suna da kalmar sirri kafin kwamfuta ta buɗe. Har aka kaɗa ƙararrawa rabin ajin bai shiga ba, wata yarinya kuma ta fita da hawaye don ta ɗauka ita ce ta lalata na'urar. Abin ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar nake riga yara shiga ɗakin, in kunna, in buɗe manhajar, su zo su tarar da aiki yana jiransu.

Ta fuskar tunani kuwa, ki zama mutum-mutumi su ba ki umarni ki kai ƙofa. Ki bi abin da suka faɗa daidai, ko da zai kai ki bango. Dariyar da za su yi ita ce fahimtar cewa na'ura ba ta san nufi ba, umarni kawai take bi. Seymour Papert, wanda ya yi shekaru yana aiki da Piaget a Janiba, ya haɗu da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967, inda yaro yake tuƙa ɗan kunkuru yana zane. Idan yaro ya rasa umarnin da zai bayar, shawarar Papert ita ce ya tashi ya taka hanyar da ƙafarsa, sannan ya faɗa wa kunkurun abin da ya yi. Har gobe wannan dabarar tana aiki. Idan akwai kwamfutar hannu ta shafawa, ScratchJr, wadda ta fito a 2014 domin 'yan shekara 5 zuwa 7, da hotuna ake ba ta umarni, ba sai an iya karatu ba.

To 'yan shekara 8 zuwa 11 fa?

Waɗannan su ne azuzuwan da na fi jin daɗin koyarwa. Sun iya karatu, hannunsu ya faɗa, kuma ba su fara jin kunyar kuskure a gaban abokai ba. Scratch, wadda rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT a Amurka ya fitar a 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16, ta dace da su. Tubala ake jonawa, wanda bai dace da wuri ba kuma ba zai shiga ba, don haka hankalin yaro yana kan tsari, ba kan kuskuren harafi ba.

Bayan murabba'i, ka ce su zana alwatika mai gefe daidai. Kusan duka za su sa juyi digiri 60, don haka aka koya musu a lissafi. Kada ka gyara musu. Su gani ya ƙi rufuwa, su tashi su taka, su gano cewa 120 ake juyawa domin kewaye ɗaya 360 ne aka raba uku. Yaron da ya gano wannan da kansa ba ya mantawa. Ka kuma lura cewa filin Scratch yana tafiya daga -240 zuwa 240 a kwance, daga -180 zuwa 180 a tsaye. Ka tambayi malamin lissafi ko sun kai lambobin ƙasa da sifili kafin ka dogara da su.

A wannan matakin ne ake kafa ɗabi'un da ba su da armashi amma su ne ke riƙe mutum: ba fayil suna mai ma'ana, sanin foldar da aka ajiye shi, da danna Ctrl da S a kai a kai don ajiye aiki. Nan ne kuma ake koyon buga rubutu da yatsu goma. Ka sa su shafa F da J su ji ɗan tudun da ke kansu, nan manuniya biyu suke zama. Minti goma a kowane darasi ya fi awa guda sau ɗaya a wata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya girma yana bugu da yatsa biyu da wuya ya bari.

Yaushe zan raba su da tubala in kai su rubuta umarni da haruffa?

Ba shekara ce take yankewa ba, amma wajen 11 zuwa 14 aka fi yi. Ingila, da ta wajabta darasin kwamfuta tun daga shekara 5 a 2014, ta tsara cewa 'yan 11 zuwa 14 su yi aiki da harsunan manhaja biyu ko fiye, aƙalla ɗaya na rubutu. Alamar da nake dubawa ita ce: yaro zai iya kallon tubalan da wani ya jona ya faɗi abin da za su yi kafin a kunna? Idan zai iya, ya shirya.

Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ita aka fi farawa da ita don rubutunta ba shi da tarkace. Duk da haka ka shirya wa wurare uku da za su faɗi. Na farko, tazarar farkon layi: a Python tazarar nan tana da ma'ana, kuskuren gurbi ɗaya yana hana komai tafiya. Na biyu, alamar = ɗaya ajiyewa take nufi, == biyu kuma kwatantawa, alhali shekara da shekaru a lissafi sun san = da ma'anar "daidai da". Na uku, abin da mutum ya buga wa manhaja yana shigowa a matsayin rubutu, don haka yaro zai haɗa 2 da 3 ya ga 23, ya ɗauka kwamfutar ta haukace.

Kada ka buɗe musu farin shafi ka ce su rubuta. Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila sun tsara hanya mai hawa biyar da ake kira PRIMM: a ba yara gajeriyar manhaja mai aiki su yi hasashen abin da za ta yi, su kunna su gani, su bincika layi-layi, su canza wani abu a ciki, sannan daga ƙarshe su rubuta tasu. Karatu kafin rubutu ke nan, kamar yadda ake koyon kowane harshe. Wata dabarar kuma, ka rubuta layukan manhaja a guntayen takardu, ka hargitsa, su jera su daidai. Tana nuna maka wanda ya gane tsari ba tare da kuskuren bugu ya rufe maka ido ba.

Manyan ɗalibai suna ganin sun fi ni sanin kwamfuta. Gaskiya abin yana tsorata ni.

Tsoron ba laifi ba ne, amma ki duba abin da suka sani ɗin. A 2001 wani marubuci Ba'amurke, Marc Prensky, ya yaɗa ra'ayin cewa yaran da aka haifa cikin zamanin na'ura 'yan gida ne a cikinsa, manya kuwa baƙi. Maganar ta yi farin jini, ni dai ban yarda da ita ba. Saurin yatsa a kan waya dabam, sanin kwamfuta dabam. Ki ba su aiki: su buɗe folda, su ajiye fayil a ciki, mako mai zuwa su nemo shi. Ko su tara makin mutum 30 a Excel da =SUM(B2:B31) maimakon su fito da waya su lissafa su buga amsa. Za ki ga giɓin da aka kawo ki ki cike. Kada ki yi haka don ki kunyata su, ki yi don ku san daga inda za ku tashi.

Akan samu ɗaya ko biyu da suka fi ki sanin wani fanni da gaske. Ki faɗi haka a fili, ki ba su aiki mai nauyi, wani lokaci ki sa su nuna wa aji. Abin da ke hannunki wanda ba su da shi shi ne sanin abin da ya kamata ya zo kafin wani, da gane inda mai koyo ya maƙale.

Idan aka tambaye ni abin da ban sani ba fa?

Ka ce, "Bari mu duba tare," ku duba ɗin a gabansu. Masu rubuta manhaja da suka shekara 20 a aikin haka suke yi kullum. Kada ka ƙirƙiro amsa, domin kwamfuta za ta ƙaryata ka nan take.

Yara 40, kwamfuta 12. Yaya zan yi?

Biyu a kan na'ura ɗaya ba asara ba ce, masu aikin manhaja ma da gangan suke zama haka. Ɗaya direba, shi ke riƙe linzami da madannai. Ɗaya mai nuna hanya, shi ke karanta aikin yana faɗin abin da za a yi, hannunsa ba ya taɓa komai. Duk bayan minti biyar zuwa bakwai ka tafa su yi musanya. Musanyar nan ita ce rai, idan ka sake ta, mai ƙarfin hali zai riƙe linzami har ƙarshen zango.

Uku a kan na'ura ɗaya shi ne iyaka, na huɗu ɗan kallo ne. A lissafinka, 24 su zauna bibbiyu, 16 su yi aikin takarda da ya shafi darasin, kamar tsara matakan abin da za su gina, a tsakiyar lokaci a juya. Ka rubuta sunayen waɗanda suka fara a wannan makon don mako mai zuwa su zama na biyu. Yara ba sa manta rashin adalci. Kuma kada ka haɗa mafi ƙwarewa da mafi rauni, na farkon zai yi aikin duka, na biyun ya koyi cewa shi ba ya iyawa. Waɗanda suke kusa da juna a iyawa sun fi amfanar juna.

Wuta ta ɗauke ko intanet ya tsaya a tsakiyar darasi. Sai in koma rubuta bayani a allo su kwafa?

Don Allah kada ki yi. Yaran da suka cika littafi da ma'anar kwamfuta da sunayen sassanta ba su koyi kwamfuta ba.

Tun shekarun 1990 Tim Bell na jami'ar Canterbury a Niyu Zilan, tare da Ian Witten da Michael Fellows, suka tara wasannin koyar da ilimin kwamfuta ba tare da na'ura ba, ana kiransu CS Unplugged, kuma kyauta ne. Wanda ba na rabuwa da shi shi ne katuna biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su tsaya a jere kowa da katinsa. Ki ce a nuna 13: mai 8 da mai 4 da mai 1 su nuna, sauran su juya nasu. Wanda ya nuna 1 ne, wanda ya juya 0 ne, ga 01101 a tsaye gaban aji, wato 13 yadda kwamfuta take ajiye ta. Da ƙanana, ƙidaya kawai za ku yi. Da 'yan tsakiya, ki tambayi lamba mafi girma da za a iya nunawa, su gano 31. Da manya, ki tambayi abin da zai faru idan katunan takwas ne, su kai 255, daga nan ku shiga yadda ake ajiye haruffa da launuka. Katuna biyar ɗin nan za su yi miki aiki a kowane aji.

Ki riƙa ajiye irin wannan darasi guda biyu a jaka kullum. Scratch kuma tana da nau'in da ake saukewa a yi aiki ba intanet, ki sa a kowace na'ura tun makon farko.

Da sun zauna gaban kwamfuta ba mai saurarona.

Ba za ka iya gasa da gilashi mai haske ba, babu malamin da ya iya. Ka yi bayani kafin su isa kujerunsu: su taru a gaba, ka nuna aikin, ka sa ɗaya ya maimaita abin da za a yi, sannan ka sake su. Idan dole ka tsayar da su a tsakiya, ku yi yarjejeniyar alama tun ranar farko, kamar hannaye a kan kai ga ƙanana, ko kashe gilashi ga manya, kuma kada ka fara magana sai kowa ya bi. Ƙanana umarni ɗaya suke ɗauka a lokaci guda. Manya ka rubuta musu matakai a allo don kada su yi ta kiranka.

Akwai abu biyu da nake dubawa a wurin kowane mai gwaji. Na farko, hannunsa. Idan yaro ya maƙale, jiki yakan ja malami ya karɓi linzami ya danna-danna ya gyara. Matsala ta wuce, yaro bai koyi komai ba sai cewa gyara aikin Malam ne. Ka sa hannunka a baya, ka tambaya, "Me kake so ya faru? Me ya faru? Karanta mini abin da ta rubuta." Na biyu, shirunsa. Mary Budd Rowe ta gano a binciken da ta yi a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Daƙiƙa uku a gaban aji tana da tsawo. Ka ƙirga a zuci.

Wasu sun gama cikin minti biyar, wasu ba su fara ba.

A darasin kwamfuta tazarar nan ta fi faɗi, domin wani yana da na'ura a gida, wani sai a ajinki yake taɓa ta. Wannan bambancin dama ne, kada ki ɗauke shi bambancin ƙwaƙwalwa. Papert ya yi maganar aiki mai ƙofa a ƙasa da rufi a sama, wato kowa zai iya shiga, mai iyawa kuma ba zai bugi rufi ba. Resnick ya ƙara da faɗin ɗaki, wato hanyoyi da yawa. "Sa hoto ya yi tafiya" kowa zai iya. Wanda ya gama, ya sa shi ya juyo idan ya bugi gefe, sannan ya ƙara maki, sannan abokin wasa. Kada ladan gamawa da wuri ya zama wasan kwamfuta, sai kowa ya koma gaggawa.

Na lura 'yan mata suna ja da baya, maza suna rige-rigen kujera.

Ka raba kujeru da kanka, kada ka bar wa gudu. Ka lura da wanda kake kira idan wayar wuta ta kwance ko majigi ya ƙi aiki, sau da yawa namiji ake kira ba tare da an sani ba, ajin kuma yana karanta saƙon. Ka ba da ayyuka iri-iri: labari mai motsi, kiɗa, zane, lissafi, ba wasan tsere kaɗai ba. Su kuma san cewa mata ba baƙi ba ne a nan. Ada Lovelace ta wallafa matakan lissafi domin injin Charles Babbage a 1843. Mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, babbar kwamfutar da aka nuna wa duniya a 1946. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969.

Da wane harshe zan koyar, tunda kalmomin kwamfuta na Turanci ne?

Ki yi bayani da harshen da yara suke tunani da shi gwargwadon yadda dokar makarantar ta yarda, sunan da ke rubuce a kan na'ura kuma ki bar shi yadda yake, domin shi za su nema da ido. Scratch tana da fassara a harsuna fiye da 70, ki duba jerin.

Maganar tsaro a intanet, daga wane aji zan fara?

Daga aji ɗaya, da kalmomin aji ɗaya: idan ka ga abin da ya ba ka tsoro, ka faɗa wa babba, ba za a yi maka faɗa ba. 'Yan tsakiya su koyi cewa kalmar sirri ba a ba aboki, kuma wanda ke bayan hoto ba lallai shi ne mai hoton ba. Manya kuwa ku yi magana a fili kan saƙonnin damfara, cin zarafi a zaurukan hira, tantance labari kafin a tura, da yadda hoton da aka tura ba ya dawowa. Shafuka irin Facebook sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, abin da ya samo tushe daga dokar kare bayanan yara da Amurka ta yi a 1998. Kada ka ba ƙananan yara aikin da zai sa su yi ƙaryar shekaru.

Idan yaro ya faɗa maka wani abu da ya same shi, kada ka yi alkawarin ɓoyewa, kada kuma ka yi bincike da kanka. Ka kai wa malamin da kake ƙarƙashinsa a ranar. Kai ma kada ka yi hira da ɗalibi ta shafinka na kanka.

Yaya zan auna ko sun koya, tunda manya suna iya kwafo amsa?

Tun da ChatGPT, mai iya rubuta wa ɗalibi amsa har da manhaja, ya fito a Nuwamban 2022, manhajar da ke aiki ba ta isa shaida ba. Ki zauna kusa da ɗalibi minti biyu, ki nuna layi ɗaya ki ce ya bayyana, sannan ki ce ya canza wani abu a gabanki. Wanda ya rubuta da kansa zai yi, ko da da tuntuɓe. Ƙanana kuwa takarda mai sunayensu ta ishe ki, kina zagayawa kina sa alama: ya iya jan abu, ya iya ajiye fayil, yana buƙatar taimako.

Malamin da nake ƙarƙashinsa yana koyarwa ta hanyar da ban gamsu da ita ba.

Ajinsa ne, kai baƙo ne na 'yan makonni, yaran kuma a hannunsa za ka bar su. Ka fara da kallo da tambaya. Sau da yawa abin da ka ɗauka tsohon yayi ne yana da dalili: na'urar da ke mutuwa idan an buɗe abu biyu, ko jarrabawar da ke tafe. Idan kana son gwada sabon abu, ka nemi izini a darasi ɗaya, ka roƙe shi ya zauna ya faɗa maka abin da ya gani. Ranar da mai duba ka zai zo kuma kada ka shirya wasan kwaikwayo. Yara sukan tona, mu ma muna ganewa. Darasin da ya karkace ka daidaita shi a gabana ya fi gaya mini ko wane ne kai.

Saura mako ɗaya in gama. Me ya kamata in bari?

Ki rubuta wa malamin shafi ɗaya kan kowane aji: inda kuka tsaya, abin da ya yi aiki, da sunayen yaran da ke buƙatar a zauna kusa da su. Ki tattara ayyukan yara a folda ɗaya mai sunan aji da zango, ki ajiye kwafi a wuri na biyu, ki goge duk wani shafinki da kika buɗe a na'urorin makaranta. Bayanan yara da hotunansu ba sa bin ki gida. Darasin ƙarshe ki bar kowane aji ya nuna abin da ya gina, idan jadawali ya yarda ki gayyato ƙanana su ga na manya. 'Yan aji ɗaya kuma ki faɗa musu tun kafin ranar cewa za ki tafi, ki gaya musu wanda zai ci gaba da su. Katunan ɗigon nan biyar ki bar su a aljihun tebur, ki yanka wasu idan kin isa sabon wuri.